Tukunyar girki daban, ta mota daban

A makon jiya na tsaya a Kwanar Dangora, inda na tarar da gardama ta kaure tsakanin wani direba da mai sayar da gas. Direban ya dage cewa gas ai gas ne, don haka bai ga abin da zai hana mai walda ya haɗa masa tukunyar girki a mota ba, tunda kuɗin fetur ya gagara tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023. Mai gas ya san akwai haɗari, amma ya kasa faɗin dalili. Dalilin kuwa yana cikin darasin kimiyya da ɗalibanmu ke haddacewa don jarrabawa kawai.

Kowace iska tana da wani matakin zafi da za mu kira zafin iyaka. Ƙasa da shi, idan aka matse ta sosai takan zama ruwa. Sama da shi, komai ƙarfin matsi ba za ta zama ruwa ba. Thomas Andrews ne ya bayyana haka a 1869, bayan gwaje-gwajensa a kan iskar kabon-dayoksaid a birnin Belfast. A 1873 kuma, Johannes van der Waals, mutumin Holand, ya kawo lissafin da ya yi la'akari da abu biyu: ƙwayoyin iska suna jan juna, wanda ya kira a, kuma suna cin gurbi, wanda ya kira b. Daga nan aka samo ƙa'idar Tc = 8a/27Rb.

Mu gwada da kabon-dayoksaid, inda a take 3.64, b take 0.0427, R kuma 0.08314. Sama ya ba da 29.12, ƙasa ya ba da kimanin 0.0959. Idan aka raba, sai a sami kusan 304 a ma'aunin Kelbin; a debe 273, saura digiri 31 a ma'aunin Salshiyas, daidai da abin da Andrews ya auna. Wato da tsakar ranar bazara a Bebeji, lokacin da zafi ke haura 40, babu matsin da zai mayar da wannan iska ruwa.

To, ina ruwan direba da wannan? Gas ɗin girki haɗin furofen ne da biyuten, masu zafin iyaka kimanin 97 da 152. Zafin ƙasarmu bai kai can ba, shi ya sa matsi kaɗan, wanda bai kai ninki 20 na iskar da muke shaƙa ba, yake mayar da shi ruwa. Ruwan ne kake jin motsinsa idan ka girgiza tukunya, kuma saboda yana kumbura da zafi ne ba a cika ta fal, ba a kuma barin ta a rana.

Gas ɗin mota da ake kira CNG kuwa iskar mitan ce, wadda zafin iyakarta ya kai kusan 83 ƙasa da sifili. Ba ta zama ruwa a yanayinmu, sai dai a danna ta da matsi ninki 200 cikin tukunya mai kauri da aka ƙera musamman. Shi ya sa a Bonny sai an sanyaya ta zuwa 162 ƙasa da sifili kafin a loda wa jiragen ruwa, mu kuma a Kano muke jiran bututun AKK mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta. Duk wanda ya ɗura irin wannan matsi a tukunyar girki, bam ya ɗauka a bayan motarsa. Kama da wane ba ta wane.

Muna buƙatar gas, ko don dajin Falgore ya huta da gatarin masu itace da gawayi. Amma kafin ya wadata, ya kamata malaman kimiyya na Kiru, Tudun Wada da Doguwa su riƙa shiga aji da tukunyar girki suna koyar da wannan lissafi a kanta, shugabannin tasha kuma su hana masu walda taɓa tukunyar mota. Ɗalibi ɗaya da ya fahimci ma'anar 8a/27Rb zai iya raba gardamar da na gani a Kwanar Dangora kafin ta zama ta'aziyya.