Talabijin A Tsakar Gida: Ta Yaya Ka Sani?

 Ina da 'yar magana a kan wani baƙo wanda ya sauka a gidajenmu ya ƙi tafiya, har ya zama ɗan gida, watau akwatin talabijin. A shekarar 1959 ya fara buɗe baki a ƙasar nan, can Ibadan, a 1962 ya iso Kaduna. Yau ga shi a Potiskum unguwa-unguwa, inda wutar lantarki ba ta zama ma an haɗa shi da na'urar hasken rana. Waɗansu manya sun ce shi ne ya lalata yara. Ni dai ban yarda da wannan duka ba, ga kuwa dalilina.

Bari in fara da gidanmu. Kakata ta ce a zamaninsu in an ci tuwon dare sai a baza tabarma a tsakar gida, a yi tatsuniya da kacici-kacici har barci ya kwashe yara ɗaya ɗaya. Yanzu tabarmar tana nan, tuwon yana nan, amma mai ba da labarin ya sāke. Tun da aka buɗe tashar Arewa24 a 2014, kowa a gidanmu ya sami gwaninsa. Inna ba ta yarda Daɗin Kowa ya wuce ta. Ƙanwata tana mutuwar son Labarina na Aminu Saira. Baba kuwa sai Kwana Casa'in, wanda aka fara a 2019, ya ce 'yan siyasar garin Alfawa na cikin wasan duk ya san irinsu a fili. In an gama sai ya yi ajiyar zuciya, ya ce duk da haka ba a yi kamar Samanja ba, wasan marigayi Usman Baba Pategi wanda ya rasu a 2023.

Ni nawa gwanin dabam ne. Wasannin 'yan sandan ciki nake so, masu bin diddigin laifi. A makarantar mishan inda na yi karatu na fara gamuwa da Sherlock Holmes, wanda Arthur Conan Doyle na Birtaniya ya ƙago a 1887. Daga baya na ga Columbo na Amurka, wanda Peter Falk ya fito a cikinsa. Abin mamaki ga wannan wasa, tun farko ake nuna maka wanda ya yi laifin. Daɗinsa shi ne ka ga yadda wani ɗan sanda mai yamutsattsiyar riga, wanda kowa ya raina, zai yi ta 'yan tambayoyi, ya kai bakin ƙofa ya komo da wata, har ƙarya ta rasa wurin ɓuya. Ba ya duka, ba ya zagi. Abu guda yake nema, shaida.

To, ga abin da ya same ni bara, sa'ad da aka tura mu koyarwar gwaji a wata firamare. Ina aji huɗu, sai wata yarinya ta fashe da kuka, wai an sace mata naira ɗari biyar na cefane. Kafin in buɗe baki, aji duka ya nuna wani yaro. Baƙo ne, iyayensa gudun hijira ya kawo su, rigarsa duk faci, ba shi da aboki ko ɗaya. Yaron ya yi tsuru-tsuru, ni kuwa, ba na ɓoye muku, har hannuna ya kai ga bulala. Sai na tuna da mutumin nan mai yamutsattsiyar riga. Na ce, "Wa ya gan shi ya ɗauka?" Shiru. Na ce wa yarinyar, "Ina kika ajiye kuɗin?" Ta ce, "Cikin littafin lissafi, Malam." Na ce, "Ina littafin?" Sai monita ya ce ai tun da safe ya tattara littattafan ya kai tebur. Na buɗe nata, ga kuɗi kwance. Ashe in akwai ɓarawo a ajin nan, ni ne, don a gabana kuɗin suka wuni!

Jama'a, da na sauke bulalar nan fa? Yaron zai girma da sunan da bai ci ba bai sha ba, sauran kuwa sun koyi cewa in mutane da yawa sun nuna ka, shi ke nan ka yi laifi. Irin wannan darasi ne ke girma ya shiga kasuwa, inda mutum ɗaya zai yi ihun ɓarawo, kafin a ce me ya sata an yi masa jina-jina. Zato zunubi ne, ko da ya zama gaskiya. Don haka na ce wasan da ke koya wa yaro ya tambaya "ta yaya ka sani?" ba abin raini ba ne. Tambayar da muke nema a darasin kimiyya da na tarihi ke nan.

Kada kuma a ce wannan hikimar Turawa ce. Muna da masu bin sawu, waɗanda za su dubi ƙasa su gaya maka ko dabbar gurguwa ce, ko da kaya a bayanta. Je ka kasuwar shanu ta Potiskum, wadda ke cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma, ka ga yadda makiyayi ke gane saniyarsa cikin ɗaruruwa ta ƙaho da launi da tsagar kunne. Me zai hana masu shirya wasanni a Kano su ɗan rage mana rigimar kishiya da gādo, su ba mu labarin ɓatan sa a ranar kasuwa, da mai bin sawu wanda zai gano shi da hankali, ba da tsafi ko mafarki ba?

Amma fa ban ce baƙon nan ba shi da aibi ba. Na ga yara suna gyangyaɗi a darasin farko don sun raba dare suna kallo. Akwai wasannin da jini da batsa suka yi musu yawa, ba su dace da idon yaro ba. Mafi muni kuwa ita ce wayar hannu. Talabijin ko ba komai yana tara mu a tabarma guda. Waya kuwa raba mu take yi, kowa ya shige ɗaki da tasa, uwa ba ta san abin da ɗanta ke kallo ba.

Ga shawarata, musamman gare mu da za mu riƙe aji gobe, mu riƙe gida jibi. Na ɗaya, a yi kallo tare, babba da yaro. Na biyu, a sa lokaci, aikin makaranta tukuna, in an gama wasan a kashe akwati. Na uku, kuma shi ne babba, kada a tashi sai an yi hira. A tambayi yaro, "Wa kake zato? Don me? Me ka gani?" In ya ce, "Ai fuskarsa ta mugaye ce," a ce masa fuska ba shaida ba ce. Ta haka kacici-kacicin kakanninmu zai komo cikin sabuwar riga.

Mun gwada wannan a gidanmu. Ran nan kakata ce ta riga kowa gano maƙaryacin, ta ce tun da ya amsa tambayar da ba a yi masa ba ta san akwai lauje cikin naɗi. Allah ya ba mu haƙurin tambaya kafin hukunci, amin.