SANIN DAJI: Termit, tsibiri a tsakiyar rairayi

A wannan wata, filin Sanin Daji ya leƙa dutsen Termit.

Makiyayin Alakos da ya taɓa yin gabas maso arewa da raƙuma, ya wuce Tasker, ya san Termit. Baƙin dutse ne mai tsawo. Rairayi da fako sun kewaye shi. Zamansa kamar na tsibiri ne. Tsibiri shi ne tudun da ruwa ya kewaye ta ko'ina. Dabbar tsibiri ba ta da wurin gudu. In ta ƙare, babu inda wata za ta fito ta maye gurbinta.

Ga misali daga nesa. A cikin babban teku, yamma da ƙasar Ekwado ta Amurka ta Kudu, akwai tsibiran Galapagos. Tsakaninsu da gaɓa wajen kilomita 1000 ne. Manyan kunkuru ke zaune a can. Wani ya fi buhun gero biyu nauyi. Masu jiragen ruwa sun daɗe suna kwasar su don nama. Kuma sun saki awaki, suka cinye ciyawar da kunkuru ke ci.

A shekara ta 1964 aka buɗe gidan bincike a can. Masana suka shiga ƙidaya. A tsibirin Pinta, namiji ɗaya tak suka samu. Ya mutu a 2012, irinsa ya ƙare ke nan. A tsibirin Espanyola sun samu 14. Suka nemo na 15 daga wani gidan dabbobi na Amurka. Suka killace su, suka kula da ƙwansu. Kafin 2020, ƴaƴansu sun kai wajen 2000. An mai da su tsibirinsu. Wanda aka yi wa jinkiri ya tafi. Wanda aka yi wa hanzari ya tsira.

In gemun ɗan'uwa ya kama wuta, sai a shafa wa na gida ruwa.

A Termit ma ana irin wannan bincike. A 2012 gwamnatin Nijar ta mai da Termit da rairayin Tin Tumma gandun daji. Ma'aikatan gandun daji da masana sukan bi layi da mota, suna rubuta duk dabbar da suka gani. Sukan ƙidaya daga jirgin sama. Sukan duba sawu da kashi. Sukan ɗaura na'urar ɗaukar hoto a jikin itace, ta yi aiki dare da rana. Sukan tambayi makiyaya, domin makiyayi ya fi kowa sanin sawu.

Me suka gano? A Termit akwai barewa, da farin gindi, da ragon dutse, da tuji, da ungulu. Akwai kuma wata farar dabba mai murɗaɗɗen ƙaho, wadda masana ke kira adaks. Tana yin watanni ba ta sha ruwa ba. Ɗanyen ganye ya ishe ta. A 2010 an ƙiyasta akwai wajen 200. A ƙidayar 2016, uku kaɗai aka gani. Farauta da mota da bindiga ce ta rage su, tare da hayaniyar aikin neman man fetur.

Ita jimina, ta riga ta ɓace daga dajin Nijar. Tsofaffin Garazu sun san ta, jikokinsu sai labari. An kashe manya don gashi da nama, an kwashe ƙwai. Amma ba a yi sake kamar na Pinta ba. A Kelle, gindin duwatsun Kutus, maƙwabtan Alakos, an kafa gidan kiwon jimina. Ƙungiyar Sahara Conservation da mutanen Kutus suka haɗa hannu. Ƙwan jimina yana kwana wajen 42 kafin ya ƙyanƙyashe. Burin aikin shi ne a mai da jimina daji, kamar yadda aka yi wa kunkurun Espanyola.

Ina ruwan manomi da makiyayi? Tuji yana cin fara. Ungulu tana share mushe kafin cuta ta bazu cikin garke. Kowace dabba da aikinta.

Don haka ga abin da ake roƙo:

1. Wanda ya ga sheƙa ko ƙwai, ya bar su.
2. Wanda ya ga adaks ko sawunta, ya riƙe wurin da ranar, ya shaida wa ma'aikatan gandun daji.
3. Kada kowa ya yi wa mafarautan mota jagora. Dokar farauta ta 1998 ta hana kashe adaks da jimina.

Wanda ya iya karatu, ya karanta wa wanda bai iya ba, a bakin rijiya da kasuwa. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai rai.