Riƙon Tangaran A Jikin Ƙarfe: Inda Ido Bai San Kima Ba

Hausawa kan ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Sai dai akwai inda kimar ido ba ta wadatarwa. Duk wanda ya taɓa ganin kwanon sha mai fenti ya faɗi, shafensa ya ɓare, tsatsa ta kama wurin, ya ga matsalar. Wannan shafe gilashi ne da aka narkar a kan ƙarfe, kuma ƙyallinsa ba ya nuna ƙarfin riƙonsa.

Asarar kwano ƙarama ce. To, yaya in ƙarfen yana cikin jikin mutum? Cutar sikila takan hana jini isa kan ƙashin cinya har ya mutu, sai a musanya gaɓar ƙugu da ta ƙarfen titaniyam, sau da yawa ga matashi. Tun shekarun 1980 ake fesa wa irin wannan ƙarfe wani tangaran mai suna haidroksi'afatait, wato ma'adinin da ke cikin ƙashi, domin ƙashi ya tsiro ya kama shi. Matsalar ita ce zafi da sanyi ba sa miƙar da ƙarfe da tangaran daidai da juna, don haka shafen yakan huce da ɓoyayyen rauni. In ya saki, gaɓar ta yi sako-sako, majinyaci ya koma ɗakin tiyata.

Saboda haka ake aunawa. Akan manna ƙarfen da aka shafe da wani ƙarfe, na'ura ta ja su har su rabu, sannan a raba ƙarfin jan da faɗin wurin. Ƙa'idar ISO 13779-2 ta nemi aƙalla megafaskal 15, kimanin nauyin kilo 150 a kan kowace murabba'in santimita. Akan kuma karci shafen da tsinin daimon, ana ƙara nauyi har ya ɓare.

Ƙasar da ke sayo waɗannan gaɓoɓi daga waje ba ta da uzurin dogaro da takardar mai sayarwa kaɗai. Ya kamata jami'o'in Nijeriya su tanadi na'urorin gwajin, injiniya da likita su yi aiki tare. Malamin sakandare kuwa ba sai ya jira ba: tsohon kwano, ƙusa da 'yan duwatsun awo sun isa ɗalibi ya koyi tambayar "nawa ne ƙarfinsa?" kafin ya yaba kyansa.