Janye Jakada Daban, Yanke Hulɗa Daban

Sau da yawa idan tsamin dangantaka ya shiga tsakanin ƙasashe biyu, sai a ji mai fassarar labari ya ce wai sun yanke hulɗar jakadanci, alhali kuwa jakada kawai aka kira gida. Wannan kuskure ba ƙarami ba ne, domin yana tayar da hankalin ɗalibai da fatake da ke zaune a can.

Ita kalmar jakada tsohuwa ce a bakin Hausawa. Tun zamanin da, jakada shi ne manzon da sarki ko hakimi yake aikawa da saƙo, kuma duk wanda ya wulaƙanta shi, to, ubangidansa ya wulaƙanta. Daga nan aka ɗauko ta aka ba wakilin ƙasa a wata ƙasa. Hulɗar jakadanci kuwa, watau diflomasiyya, ita ce ma'amalar gwamnati da gwamnati ta hannun waɗannan wakilai, bisa ƙa'idojin da aka tsara a birnin Biyana cikin 1961.

To, fushi tsakanin ƙasashe hawa-hawa ne. Da farko akan kira jakadan waccan ƙasa a nuna masa ɓacin rai. Idan abin ya ƙi, sai ƙasa ta janye nata jakadan, ko ta kori wasu ma'aikatan ɗayar, amma ofis yana nan a buɗe. Haka aka yi cikin 1984, lokacin da aka tarar da Alhaji Umaru Dikko cikin akwati a wani filin jirgin sama na Ingila. Nijeriya da Ingila sun kori ma'aikatan juna, kowacce ta zauna babu babban wakilin ɗayar har 1986, duk da haka hulɗa ba ta yanke ba.

Yankewa ita ce matakin ƙarshe, inda jakada da mutanensa suke tattara nasu ya nasu su tafi. Nijeriya ta yi wa Faransa haka cikin 1961 saboda gwajin bom ɗin nukiliya a hamadar Sahara. Ta kuma yi wa Isra'ila cikin 1973, ba a shirya ba sai 1992.

Saboda haka ya kamata mai fassara ya auna nauyin kalma kafin ya sake ta, shi kuma mai sauraro ya bincika ko ofis a buɗe yake.