Karatun gida a Takoma Park: Yaushe ya kamata a fara koya wa yaro tarihi?

Tun da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a Amurka a shekarar 2020, iyaye da dama suka karɓi karatun 'ya'yansu a hannunsu. Alƙaluman Hukumar Ƙidaya ta ƙasar sun nuna cewa a wannan shekarar kaɗai, gidajen da ke karantar da yara a gida sun tashi daga kashi 5.4 zuwa 11.1 cikin ɗari, a tsakanin baƙar fata kuwa daga 3.3 zuwa 16.1. Abin tambaya ga 'yan uwanmu da suka bi wannan hanya a garuruwa irin su Takoma Park da ke jihar Maryland, dab da birnin Washington, shi ne: yaushe za a soma tarihi?

Dokar jihar ta wajabta karatu daga shekara 5, ta kuma sa darasin zamantakewa cikin fannoni 8 da dole mai karantarwa a gida ya koyar. Jami'an ilimi na gundumar Montgomery, inda garin yake, ko wata cibiyar da jihar ta amince da ita, su ke duba aikin yaro. Sai dai dokar ba ta ce ga tarihin da za a koyar ba. Wannan nauyi yana wuyan iyaye, kuma yaron da ke karatu a gida ba shi da wani malamin da zai cike abin da suka bari.

Wasu na ganin a jira sai yaro ya kai shekara 8 ko 9, domin ɗan shekara 5 bai san bambancin bara da shekara ɗari da suka wuce ba. In ana maganar haddar shekaru ce, suna da gaskiya. Amma jinkiri na da nasa hatsarin, mu kuwa ganau ne. Najeriya ta cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a zangon 2009/2010, aka yi ta kokawa kan yaran da suka tashi ba su san ƙasarsu ba. Da gwamnati ta sake wajabta darasin a 2025, daga aji ɗaya na firamare ta ce a faro.

To ta ina za a kama? Ta bakin kaka. Ɗan shekara 5 zai riƙe sunan kakansa, da garin da ya fito, da dalilin zuwan iyayensa Amurka. Zai saurari labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu ta Daura, a kuma gaya masa cewa wannan labarin baka ne da aka gada. Sai ya kai shekara 8 ko 9 a jera masa shekaru: 1804 jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, 1903 Turawan Ingila suka ci Kano, 1960 Najeriya da Nijar suka sami 'yancin kai.

Tarihin inda yake zaune ma nasa ne. A 1752 aka sauke wani Bafulatani Musulmi, Yarrow Mamout, a Annapolis, babban birnin Maryland, a matsayin bawa. Ya sami 'yanci a 1796, har ya mallaki gida a unguwar Georgetown. Ga kuma gidan tarihin baƙar fatar Amurka da aka buɗe a Washington a 2016, shigarsa kyauta, jirgin ƙasa daga tashar Takoma zai kai mutum kusa da shi.

A tuna cewa tun 2013 Takoma Park ta ba 'yan shekara 16 damar jefa ƙuri'a a zaɓen gari, ita ce ta farko da ta yi haka a Amurka. Ke nan ɗan shekara 5 na yau saura masa shekara 11 ya zaɓi magajin gari. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.