NAZARI: Kuɗin jami'a ya sauka a Kaduna, amma me ya sa aljihun iyaye a Mahuta bai shaida ba?

A watan Agustan 2023, Gwamna Uba Sani ya sanar da rage kuɗin manyan makarantu mallakar Jihar Kaduna. Mafi ƙanƙantar kuɗin Jami'ar Jihar Kaduna, wato KASU, ya sauko daga naira 150,000 zuwa 105,000. Na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli da ke Zariya ya koma 50,000 daga 100,000, na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya kuma ya koma 37,500 daga 75,000. An yi murna, kuma murnar tana da dalili.

Sai dai akwai abin da sanarwar ba ta tuna wa jama'a ba. Kafin gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta yi ƙarin 2021, wanda ya fito da ɗalibai kan titi, ɗan jiha a yawancin sassan KASU ba ya biyan abin da ya kai naira 30,000. Ke nan ko bayan ragin, uba yana biyan sama da ninki uku na tsohon kuɗin. Ragin kuma ya zo ne wata uku kacal bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Abin da aka bayar da hannun dama, gidan mai ya karɓe da hannun hagu.

Mahuta wuri ne da ya dace a auna wannan. Unguwar tana Ƙaramar Hukumar Chikun, daura da matatar man Kaduna wadda aka buɗe a 1980, wadda kuma ta shafe shekaru ba ta tace mai. Masaƙun Kakuri da suka riƙa ciyar da kudancin birnin sun daɗe da durƙushewa. Harabar KASU kuwa tana hayin kogi, a kan titin Tafawa Balewa. Ɗalibin da ke kwana a gidan iyayensa a Mahuta sai ya tsallaka gada kullum, safe da yamma.

Mu yi lissafi na misali. A ce zuwa da dawowa na cin naira 1,500 a rana, kwana 20 a wata. Naira 30,000 ke nan. A wata takwas na karatu ya zama 240,000, fiye da ninki biyu na kuɗin makarantar kanta, ba a kuma taɓa batun abinci, littattafai da data ba. Yawancin iyaye suna shirya wa kuɗin rajista ne, domin shi ke zuwa a dunƙule da wa'adi. Kuɗin mota shi ke cin gida a hankali, kamar gara. Saboda haka tambayar farko ba "nawa ne kuɗin makaranta?" ba ce, "ina yaron zai kwana?" ce. Gado a ɗakin kwanan ɗalibai, ko ɗaki guda da mutum uku suka haɗa kuɗi suka kama kusa da makaranta, na iya fin zaman gida sauƙi, duk da cewa a ido zaman gida ne ya yi kama da tsimi.

Sai batun bashi. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar lamunin ɗalibai a watan Afrilun 2024, asusun NELFUND kuma ya buɗe shafin neman lamunin a watan Mayun shekarar. Sabuwar dokar ta cire sharuɗɗan da suka ɗaure ta farko, wato kawo masu tsaya wa ɗalibi da kuma ƙayyade abin da iyayensa ke samu. Asusun na biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, yana kuma ba ɗalibin da ya nema naira 20,000 a wata na kashewa. Babu kuɗin ruwa. Za a fara biya shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 cikin 100 na albashi.

Iyaye da dama suna tsoron kalmar bashi, kuma ba laifinsu ba ne. Amma a ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024, bashin da ba ya haihuwa raguwa yake yi a kowace shekara. Naira 420,000 ta kuɗin shekara huɗu a KASU ba za ta yi nauyin yau ba a ranar da za a fara biyan ta. A nawa ganin, wannan ya fi sayar da fili ko keken ɗinkin uwa, ya kuma fi nesa ba kusa ba a kan bashin manhajojin waya masu ruwa mai yanka wuya. Inda ya kamata a yi taka-tsantsan shi ne kuɗin kashewa: idan aka karɓe shi wata goma a shekara har shekara huɗu, an ƙara 800,000, bashin ya zama 1,220,000. Gidan da adashi zai iya ɗauke masa kuɗin mota, gara ya tsaya a kan na rajista kawai.

Tsarin ma ba tsarkakakke ba ne. A 2025 Hukumar Wayar da Kan Jama'a ta Ƙasa ta yi zargin cewa wasu makarantu suna karɓar kuɗin NELFUND ba tare da sanar da ɗalibai ba, har ICPC ta ce ta shiga bincike. Darasin ga ɗalibi a fili yake: ya riƙa duba shafinsa, ya adana kowane rasit, kuma idan gida ya riga ya biya kafin kuɗin asusun ya iso, ya nemi a mayar masa a rubuce.

Akwai kuma ƙofofin da ba bashi ba: Hukumar Tallafin Karatu da Lamuni ta Jihar Kaduna, da ta tarayya, da tallafin PTDF ga masu karatun da ya shafi man fetur. Matsalarsu ita ce wanda ya ji labari da wuri shi ke samu. Zaɓin makaranta shi ma kuɗi ne. Difloma ta shekara biyu a Nuhu Bamalli ko Kaduna Polytechnic, sannan a shiga jami'a daga aji biyu, hanya ce da ake rainawa saboda son sunan digiri. Jami'ar karatu daga gida, NOUN, tana da cibiya a Kaduna, tana kuma barin ɗalibi ya riƙe sana'arsa.

Abu guda dai ya fi ƙarfin dabarar kowane gida, shi ne lokaci. Yajin aikin ASUU na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma masu gidajen haya ba su rage wa ɗalibai ko kwabo ba. Masu neman ƙuri'ar matasan Chikun a zaɓe mai zuwa za su zo da alkaluman ragin 2023. Ya kamata a tambaye su nawa ne gadajen kwana a KASU, ɗalibai nawa hukumar tallafin jiha ta biya a bara, da kuma inda aka wallafa sunayensu.