Darajar Tsohon Agogo Tana Hannun Mai Gyara

A watan Oktoban 2017 an yi gwanjon wani tsohon agogon hannu a New York, ƙirar Rolex Daytona, mallakar ɗan fim ɗin Amurka Paul Newman. An sallama shi a kan dala miliyan 17.8. Kafin nan, a 2014, agogon aljihun da kamfanin Patek Philippe ya ƙera wa attajiri Henry Graves a 1933 ya tashi a kan kusan dala miliyan 24. Wanda duk ya ji sai ya riƙe baki ya ce almubazzaranci ne, ni ma ban musa ba, tunda Casio mai batir ya fi su kiyaye lokaci. Amma ina ganin mu 'yan poli muna da rabo a wannan labari, kuma rabon namu yana wajen masu ƙerawa da gyarawa.

Tarihin agogo tarihin masu aikin hannu ne. Peter Henlein na birnin Nuremberg a Jamus, wanda ake dangantawa da ƙananan agogunan farko a farkon ƙarni na 16, maƙerin kwaɗo ne. Shi kuwa John Harrison na Ingila kafinta ne. A zamaninsa jiragen ruwa suna yawan halaka saboda matuƙa ba su san nisan da suka yi gabas ko yamma ba. Lissafin ba wuya: duniya tana juya digiri 15 a kowace awa, don haka in ka san lokacin garin da ka baro, ka kwatanta da tsayuwar rana a inda kake, ka san matsayinka. Matsalar ita ce agogo mai lilo ba ya jure tangal-tangal ɗin teku. A 1714 majalisar Birtaniya ta sa ladan fam 20,000 ga wanda ya warware matsalar. Harrison ya shafe kusan shekara 30 yana fama, har ya kammala agogonsa H4 a 1759. Da aka gwada shi a tafiya zuwa Jamaika, kuskurensa bai wuce daƙiƙa biyar ba. Duk da haka manyan masana taurari suka yi ta ja masa rai, sai a 1773 majalisa ta biya shi, yana ɗan shekara 80. Mai HND da ya taɓa jin an ce "digiri muke nema" ai ba sai an yi masa fassara ba.

Sai kuma abin da ya faru da Suwizalan. A Disambar 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fito da Astron, agogon hannu na quartz na farko a kasuwa. Da irinsa suka yi araha, sai kasuwar agogo mai inji ta karye. Ma'aikatan agogo a Suwizalan sun kai kusan 90,000 a 1970, amma zuwa tsakiyar shekarun 1980 sun koma kusan kashi ɗaya bisa uku. A 1975 masu kamfanin Zenith suka ba da umarnin a watsar da kayan ƙera injin agogonsu El Primero. Wani ma'aikaci, Charles Vermot, ya kwashe kayan da zane-zanen a asirce ya ɓoye a saman ginin masana'antar. Da kasuwa ta juyo aka fito da su, kuma daga 1988 wannan injin Rolex ta riƙa sakawa a Daytona. Ma'aikaci guda da ya san darajar kayan aikinsa shi ya ceci kamfanin.

To me masu tara tsofaffin agoguna suke saye? Akwai suna da alfahari, gaskiya ne. Amma abin da ya sa agogon 1933 yake tafiya har yau shi ne an ƙera shi yadda za a kwance shi, a wanke, a sa mai, a mayar. Ranar da aka rasa mai gyara, ya zama ƙarfen ado kawai.

Nan ne abin yake ci mini tuwo a ƙwarya. Mukan zuba kuɗin abinci a kan jabun Rolex don hoton fita, alhali dattawan da ke gyaran agogo a kasuwanninmu, da ɗan gilashi a ido, suna tsufa ba magaji. Wani zai ce ai waya ta kashe sana'ar. To haƙurin da ake kama kusar da ba ta kai ƙwayar gero ba, shi ake buƙata a gyaran waya da ma'aunan asibiti da na ɗakin gwaji.

Shawarata ga ƙungiyarmu ta ɗalibai da sashen injiniyan kanikanci: a gayyato ɗaya daga cikin dattawan nan ya kwance mana agogo a wokshop, a biya shi kamar yadda ake biyan kowane malami. Masu neman aikin kammala karatu kuma, ga tsofaffin agogunan kakanni nan kwance a adaka. A ɗauko ɗaya a tayar da shi.